Waiwaye: Yadda Jojiya ta isa bakin ƙofar Tarayyar Turai ta juya baya

Duk wanda ke bin hanyar Illela zuwa Birnin Konni bai manta abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ba. ECOWAS ta sa aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya suka lalace, talakan Sakkwato da na Tawa suka ji a jikinsu. A nan bindiga ce ta yi aikin cikin yini guda. Abin da ya sa labarin Jojiya ya tsaya mini a rai shi ne, can ko soja ɗaya bai fito daga bariki ba. A zauren majalisa aka yi ta gutsurar dimokuraɗiyya, doka bayan doka.

Jojiya ƙaramar ƙasa ce da ke kudu da Rasha, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991, ta gwabza yaƙin kwana biyar da Rasha a Agustan 2008, kuma har yau yankunan Abkhaziya da Kudancin Osetiya, wajen kashi 20 cikin 100 na ƙasar, ba sa hannunta. Wanda ya san wannan tabon ba zai yi mamakin yadda mutanenta suka ƙwallafa rai ga Turai ba, har suka rubuta burin shiga Tarayyar Turai a sashe na 78 na kundin tsarin mulkinsu.

Jam'iyyar Mafarkin Jojiya, wadda attajiri Bidzina Ivanishvili ya kafa bayan ya tara dukiya a Rasha, ta karɓi mulki a 2012. A hannunta aka sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da Turai a 2014, a hannunta aka ɗage wa 'yan ƙasar biza a 2017, ita ce kuma ta miƙa takardar neman shiga a Maris ɗin 2022. Turai ta ba Yukiren da Moldoba matsayin masu jiran shiga a watan Yuni, ta ce sai Jojiya ta cika sharuɗɗa 12 tukuna, ciki har da gyaran kotuna da rage tasirin attajirai a kan gwamnati. Sai a Disambar 2023 ta samu matsayin.

Ko wata biyar ba a yi ba gwamnati ta dawo da dokar da zanga-zanga ta tilasta mata janyewa a 2023: duk ƙungiya ko kafar yaɗa labarai da ke samun fiye da kashi 20 na kuɗinta daga waje sai ta yi rajista a matsayin mai yi wa ƙasar waje aiki. 'Yan adawa suka raɗa mata suna "dokar Rasha", don ta yi kama da wata doka ta Rasha. Shugabar ƙasa Salome Zourabichvili ta ƙi sa hannu, majalisa ta tsallake ta a Mayun 2024. Zaɓen 26 ga Oktoba ya ba jam'iyya mai mulki kusan kashi 54, 'yan adawa suka ce maguɗi ne. Ranar 28 ga Nuwamba Firaminista Irakli Kobakhidze ya ce an jingine maganar tattaunawa da Turai har ƙarshen 2028. Matasa suka cika titin Rustaveli a Tbilisi, babban birnin ƙasar, aka tarbe su da barkonon tsohuwa da ruwa.

Hujjar gwamnati ita ce Turawa na son tura ƙasar cikin wani yaƙin da Rasha. Ban raina wannan tsoron ba, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ban ga yadda toshe bakin jaridu zai kare iyaka ba. Ita ma Turai ba murya ɗaya take da ita ba: Viktor Orban, firaministan Hungari a lokacin, ƙasar da ke cikin tarayyar, ya garzaya Tbilisi taya murna tun ƙurar zaɓen ba ta lafa ba.

A Agustan 2025 aka yanke wa 'yar jarida Mzia Amaglobeli ɗaurin shekara biyu kan marin wani shugaban 'yan sanda a Batumi. Wata uku bayan haka Hukumar Tarayyar Turai ta ce Jojiya a suna kawai take cikin masu jiran shiga.