"Borrow me your biro" ba Turanci daidai ba ne

Tun muna firamare muke jin ana cewa "borrow me your biro". Har masu digiri ma suna faɗar haka a ofis, sun ɗauka daidai ne. To, kuskure ne.

A Turanci, borrow na mai karɓa ne, lend kuma na mai bayarwa. In kana son abokinka ya ba ka biro ka yi rubutu ka mayar, sai ka ce "lend me your biro", ko "can I borrow your biro?" Da ka ce "borrow me", Bature zai ji kamar kai kanka kake so a ara, a tafi da kai a dawo da kai.

A ganina Hausarmu ce ke jan mu. Mu kalma ɗaya muke juyawa: na ari littafi, na ara masa littafi; na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. Sai dai mun fi su a wani wuri, don mun raba aro, inda abin kansa yake dawowa, da rance, inda ake biyan madadinsa. Su kuwa borrow ɗaya ce ga tabarmar maƙwabci da naira dubu biyar.