Jinin al'ada ba ya taruwa a ciki bayan ya ɗauke

Mata da yawa sun taso da jin cewa idan al'ada ta ɗauke, jinin ya maƙale ne a mara, shi ke kawo zafin jiki da gumin dare, don haka sai a nemi saiwa ko jiƙo a wanke shi. Ba haka ba ne.

Tsakanin shekara 45 zuwa 55 ƙwayayen haihuwa sukan ƙare, sinadarin istirojin, wanda jikin mace ke samarwa, ya ragu. Da ya ragu, bangon mahaifa yakan daina kauri kowane wata, saboda haka babu jinin da zai zuba, balle ya taru. Zafin nan da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska kuwa, daga ƙwaƙwalwa yake: sashen da ke daidaita ɗumin jiki ne ke rikicewa.

Abin da ya fi damuna shi ne murnar da ake yi idan an sha jiƙo aka ga jini. Matar da ta cika wata 12 ba ta ga al'ada ba, sannan jini ya zo mata, asibiti ya kamata ta nufa, domin wani lokaci alamar cutar dajin mahaifa ce, wadda ake warkarwa idan an gano ta da wuri.

Waken suya yakan ɗan rage wa wasu zafin, kaɗan dai. Amma tsiron Turawa mai suna black cohosh an danganta shi da cutar hanta, wani tsiron mai suna St John's wort kuma yana rage ƙarfin magunguna irin su warfarin, maganin hana daskarewar jini. Mai hawan jini ko ciwon suga ta nuna wa likita duk abin da take sha, har da na gargajiya.