Biyan kuɗin jana'iza tun da rai a Ingila: shin yana taɓa tallafin kula da tsofaffi?

Mutanenmu da suka daɗe a London, Manchester da Birmingham sun fara manyanta a can, kuma abubuwa biyu na ci musu tuwo a ƙwarya: wa zai biya kuɗin kula da su idan jiki ya ƙi, kuma wa zai ɗauki nauyin jana'iza idan ta Allah ta kasance. Waɗannan biyun suna haɗuwa a wuri guda, wato lissafin da ƙaramar hukuma ke yi wa dukiyar mutum.

Mene ne tsarin biyan jana'iza tun da rai?

Yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani. Ya biya yanzu, gaba ɗaya ko wata-wata, su kuma su ɗauki alkawarin gudanar da ayyukan da aka rubuta a takarda ranar da ya rasu, ko da farashi ya tashi. Kamfanin ba ya riƙe kuɗin a aljihunsa. Yana zuba su a asusun amana ko a inshorar rai.

Yaya ƙaramar hukuma ke auna dukiyar mai neman kulawa?

A Ingila asibiti kyauta ne, amma gidan kula da tsofaffi da masu zuwa gida su taimaka da wanka da girki ba kyauta ba ne. Dokar Kulawa ta 2014 ce ke tafiyar da lamarin. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Wanda tasa ta gaza fam 14,250 ba a taɓa ajiyarsa, sai dai a karɓa daga fanshonsa da sauran kuɗin shigarsa. Mai tsakanin biyun kuwa, ana ɗora masa fam 1 a kowane mako a kan kowane fam 250 da ke sama da fam 14,250 ɗin. An taɓa shirin ɗaga iyakar zuwa fam 100,000, amma gwamnati ta soke shirin a Yulin 2024. Wales na da nata lissafin, inda iyakar mai shiga gidan kula take fam 50,000.

Wani abin da mutanenmu ke mantawa: fili ko gidan da mutum ya mallaka a Kano ko Zinder ma dukiya ce a idon hukuma, kuma ana tambaya a kai.

To, kuɗin da aka zuba a tsarin jana'iza ana lissafa su?

Galibi ƙananan hukumomi ba sa sa shi cikin dukiyar mutum, matuƙar farashinsa daidai-wa-daida ne, domin kuɗin sun riga sun fita hannunsa zuwa buƙatar da babu makawa sai ta zo. A lissafin tallafin ƙarin fansho da ake kira Pension Credit ma, doka ta fito fili ta ce a ajiye shi gefe. A ɓangaren kulawa kuwa, ƙaramar hukuma na duba kowane mutum da halin da yake ciki.

A ce wata dattijuwa tana da fam 27,000 a banki, ta sayi tsarin jana'iza na fam 4,000. Saura fam 23,000, ta sauko ƙasa da iyaka. Idan hukuma ta amince, za ta fara samun tallafi, amma za a lissafa mata fam 35 a mako daga ajiyarta, ban da abin da za a cire daga fanshonta. Ke nan ba kulawa kyauta ta samu ba. Da kuma ta bar fam 4,000 ɗin a banki tana cewa na likkafani ne, da an lissafa su tsaf, don hukuma ba ta san wani kuɗin likkafani a asusun ajiya ba.

Ina matsalar take, tunda haka ne?

Tana wajen abin da ake kira rage dukiya da gangan. Idan hukuma ta gamsu cewa mutum ya kashe kuɗi ko ya yi kyauta da su don ya kauce wa biyan kulawa, tana da ikon yi masa lissafi kamar kuɗin suna hannunsa har yanzu. Abubuwan da take dubawa su ne: ko kauce wa biya na cikin manyan dalilansa, ko a lokacin ya san zai buƙaci kulawa, da ko ya san za a nemi ya biya.

Saboda haka lokaci shi ne komai. Magidanci mai shekara 66, lafiyarsa ƙalau, ya sayi tsari matsakaici, da wuya a ce masa uffan. Amma wanda aka sallamo daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta sa ranar zuwa auna shi, sai 'ya'yansa suka garzaya suka sayi tsari mafi tsada da kuɗinsa har da jerin motoci, dole a yi musu tambayoyi. Ko a wannan halin, tsari mai sauƙin farashi yana iya wucewa, don tanadin jana'iza dalili ne da hankali ke ɗauka. A ganina abin da ya fi shi ne a rubuta wa ƙaramar hukuma kafin a biya, a karɓi amsarta a rubuce, a adana rasit. Haka nan manyan kuɗin da ake aikawa gida dab da neman tallafi, ko don zumunci ne, suna iya faɗawa wannan bincike.

An ce idan shekara bakwai ta wuce da kashe kuɗin ko yin kyautar, shi ke nan?

A'a. Maganar shekara bakwai ta harajin gado ce. A lissafin kulawa babu iyakar shekarun da hukuma za ta waiwaya.

Idan kamfanin ya durƙushe fa?

An taɓa gani. A Maris 2022 kamfanin Safe Hands Plans ya rushe, ya bar mutane kusan 46,000 cikin zullumi. Daga 29 ga Yulin 2022 hukumar FCA, mai kula da harkokin kuɗi a Birtaniya, ta karɓi ragamar sa ido: babu mai sayar da tsarin sai da izininta, an hana kiran mutane a waya haka kawai don talla, kuma asusun diyya na FSCS yana kare mai saye. Akwai kwana 30 na fasawa a mayar da kuɗi cif. Sai dai duk wanda ya fasa daga baya aka dawo masa da kuɗi, sun sake zama dukiyar da ake lissafawa.

Tsarin ya dace da jana'izar Musulmi?

Nan ne nake roƙon a karanta takarda layi-layi. Yawancin tsare-tsaren an gina su ne a kan ƙona gawa, wanda shi ya fi yawa a Birtaniya. Na binnewa kan ɗauki nauyin aikin masu ɗaukar gawa da akwati da mota, amma sau da yawa kuɗin kabarin kansa ba ya ciki, alhali shi ne mai tsada, musamman a London, kuma maƙabartun ƙananan hukumomi kan ninka farashi ga wanda ba mazaunin yankin ba. A tambaya ko za su ba da gawa ga masu wanka na masallaci, ko suna aiki Asabar da Lahadi don a binne da wuri, da ko mayar da gawa Najeriya ko Nijar yana ciki, wanda galibi ba ya ciki. Masallatai da yawa suna da asusun jana'iza da ake zuba kaɗan-kaɗan duk shekara. A gwada shi da tayin kamfani kafin a sa hannu.