Lasisin Likitan Gashi: Mene Ne Shi, Kuma Wa Ke Bayar da Shi?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san ranar da ake sallama daga asibiti a ce a riƙa kawo shi gashi. Daga nan 'yan dubiya kan fara kawo shawara: akwai wani a unguwa kaza mai na'ura, akwai mai zuwa har gida kuma kuɗinsa da sauƙi. Ana tambayar farashi, ana tambayar ko hannunsa na da kyau, amma da wuya ka ji an tambayi ko yana da lasisi. Dalili kuwa, da yawanmu mun ɗauka lasisi da takardar gama makaranta abu ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne. Digiri shaida ce daga jami'a cewa mutum ya yi karatun fisiyo, wato ilimin aikin gashi, wanda a Najeriya bai gaza shekara 5 ba. Rajista kuma shigar da sunansa ne cikin kundin hukumar da doka ta ɗora wa kula da sana'ar. Shi lasisi izini ne na taɓa marar lafiya, kuma yana da wa'adi: duk shekara sai an sabunta shi. Don haka mutum zai iya riƙe digiri na gaskiya, sunansa na cikin kundi, amma a bana ba shi da izinin aiki saboda bai sabunta ba, ko an dakatar da shi.

Hukumar da ke wannan aiki a Najeriya ita ce MRTB (Medical Rehabilitation Therapists Board), wato hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da lafiyar jiki, wadda doka ta 38 ta shekarar 1988 ta kafa a zamanin mulkin soja na Janar Babangida. Ba likitocin gashi kaɗai take kula da su ba, har da masu gyaran magana, masu auna ji, masu koya wa marar lafiya komawa ayyukansa na yau da kullum, da masu haɗa ƙafa da hannun roba. Daban take da hukumar likitoci da likitocin haƙori, daban kuma da ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa da aka kafa tun 1959. Wannan bambanci na ƙarshe yana rikita mutane. Ƙungiya tana kare muradun 'ya'yanta ne, hukuma kuwa an kafa ta don kare marar lafiya, ko da daga ɗan ƙungiyar ne. Katin ƙungiya ba ya zama lasisi.

Sana'ar ta girmi dokar da nisa. A 1945 wasu Turawan Ingila biyu suka fara aikin a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun digiri a 1966, daga baya Kano da Maiduguri suka samu nasu. Kafin ɗalibi ya kai ga cikakken lasisi sai ya fito daga makarantar da hukumar ta amince da ita, a rantsar da shi, sannan ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin idon manya da izinin wucin gadi. Bayan haka ma ba a sake shi ba, domin sabuntawa na tafiya da shaidar cewa yana halartar tarukan ƙarin ilimi.

Wani zai ce duk wannan tsari a kan tausa da ɗumama jiki? A nan ne nake ganin sunan da muke kiran aikin ya rage masa nauyi a idon jama'a. Babban abin da ake koya wa likitan gashi shi ne bincike kafin taɓawa, da sanin lokacin da bai kamata ya taɓa ba sam. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, in aka haska masa fitilar zafi zai iya ƙonewa bai sani ba, kuma gyambon mai suga kowa ya san wahalar warkewarsa. Wanda ya daɗe a kwance ƙafarsa ɗaya ta kumbura, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. In aka murza wurin, gudan jinin na iya tashi ya toshe huhu. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji akwai injinan lantarki da ba a sa masa. Ciwon bayan da ke tafe da rama da zazzaɓin dare na iya zama tarin fuka ne ya ci ƙashin baya, ko kuma daji, kuma dannawa da ƙarfi a nan kan iya kai mutum ga rasa ƙafafu. Hatta ɗaga mai shanyewar ɓarin jiki akwai yadda ake yi, domin jan hannun da ya mutu yana gurɗe kafaɗa ya bar ciwon da zai hana motsa jikin gaba ɗaya. Na'ura kowa zai iya saya a kasuwa. Sanin waɗannan alamu, da tura marar lafiya wurin likitan da ya dace, shi ne abin da lasisi ke tsaya wa shaida a kai.

Sannan lasisi alkawari ne na ɗa'a. Mai riƙe da shi dole ya yi wa marar lafiya bayani ya nemi yardarsa kafin ya fara, ya rufa masa asiri, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, kada ya yi alkawarin warakar da ya san ba ta hannunsa. Aiki ne na taɓa jiki, don haka mace na da haƙƙin neman mace ta duba ta inda akwai, ko wani nata ya zauna a ɗakin. Wanda ya karya waɗannan ana iya kai ƙararsa hukumar, ta bincika, ta ja masa kunne, ta dakatar da shi ko ta cire sunansa daga kundi. Wanda ba shi da rajista kuwa yana kiran kansa likitan fisiyo, laifi ya yi a gaban doka, sai dai babu kundin da za a cire shi daga ciki, kuma iyalin da ya cutar sau da yawa ba su ma san cikakken sunansa ba.

Gaskiya ce masu lasisin sun yi kaɗan, yawancinsu kuma suna manyan birane, shi ya sa mutanen karkara ke komawa ga masu ɗori da duk wanda ya samu. Ban ga laifin mai neman sauƙi ga ɗan'uwansa ba. Amma inda ake da zaɓi, musamman ga masu zuwa gida da ɗakunan gashi na kuɗi, iyali su nemi ganin lasisin bana, su duba suna da lambar rajista, su rubuta su ajiye tare da katin asibiti.