Matan da suka yi fice a tarihin Birtaniya: ga amsoshin, don Allah a karanta kafin a sake tambaya

Tambayoyin nan su ne dai kullum ake ta maimaita min, musamman masu shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa a Ingila da iyayen da aka ba yaransu aikin gida daga makaranta. Na tara su wuri ɗaya, wanda ya sake turo irinsu nan zan nuna masa.

Sarauniya Elizabeth ai guda ɗaya ce ko?

Biyu ne. Ta farko ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603, ba ta taɓa aure ba, kuma a zamaninta ne aka fatattaki jiragen ruwan yaƙin Sifaniya a 1588. Ta biyu ita ce wadda aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956, ta hau mulki a 1952 ta rasu a 2022. Kusan shekara 350 ke tsakaninsu, a daina haɗa su.

Victoria ce ta ci Kano da Sakkwato da yaƙi?

A'a. Ta rasu a 1901, Kano da Sakkwato kuwa 1903 ne, lokacin ɗanta Edward na bakwai.

Su dama matan Turawa tun asali suna da 'yanci ko?

Haba ɗan'uwa, wa ya faɗa maka? Wannan tambayar ita ta fi ɓata min rai wallahi, don tana shafe wahalar da mutane suka sha. A Ingila a da idan mace ta yi aure abin hannunta ya koma na miji, kuɗin da ta nema da guminta ma nasa ne a doka, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara wannan, abin da mu shari'a ta daɗe da ba mace. Akwai wata marubuciya Caroline Norton da mijinta ya kwashe mata 'ya'ya uku ya hana ta ganinsu kuma doka tana bayansa, ita ta yi ta rubuce-rubuce tana bin 'yan majalisa har aka yi dokar 1839 da ta ba uwa damar neman riƙon ƙananan 'ya'yanta a kotu. Jami'ar Cambridge da kuke ji da ita sai 1948 ta yarda ta ba mata cikakken digiri. Kuma kar wani ya ce zai yi musu dariya, mu nan Arewa sai 1979 matanmu suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya, bayan ɗauri da dukan da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha.

Florence Nightingale likita ce?

Nas ce. A 1854 ta kwashi nas-nas 38 zuwa asibitin sojoji na Scutari a Turkiyya lokacin yaƙin Kirimiya, ta tarar cututtukan ƙazanta sun fi harsashi kashe soja. Mutane fitilarta kawai suke tunawa amma babban aikinta lissafi ne, da alƙaluma ta nuna wa gwamnati abin da ke kashe mutane. Ta buɗe makarantar nas a asibitin St Thomas a Landan a 1860. In za ku ambace ta ku haɗa da Mary Seacole, haifaffiyar Jamaika, wadda aka ƙi ɗauka ta kai kanta Kirimiya da kuɗinta ta yi jinyar sojoji.

A jarrabawa wace shekara zan rubuta mata suka samu damar zaɓe, 1918 ko 1928? Kuma wace ce mace ta farko a majalisa?

To, wannan ita ce tambaya mai ma'ana, kuma 'yar'uwa kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai take rikita ba. Amsar ta danganta da yadda aka tsara tambayar, don haka ki karanta ta a hankali kafin ki zaɓa.

A 1918 an ba mata damar zaɓen 'yan majalisa amma ba duka ba, sai wadda ta kai shekara 30 kuma ita ko mijinta suna da gida ko wata kadara da doka ta ƙayyade, alhali namiji yana kai 21 shi ke nan. Mata wajen miliyan 8 suka shiga ta wannan ƙofar, amma 'yan matan da suka yi aiki a masana'antun harsashi lokacin yaƙin duniya na farko yawancinsu ba su kai 30 ba, su aka bari a waje. Sai 1928 aka daidaita kowa a 21. Saboda haka in an ce yaushe mata suka fara zaɓe, galibi 1918 ake nema, in kuma kin ga an ce daidai da maza ko an ambaci shekara 21 to 1928 ce. Na ce galibi ne fa, don in malami mai bin diddigi ne zai iya ce miki tun 1869 wasu mata marasa aure masu biyan haraji suna zaɓen ƙananan hukumomi, kuma gaskiyarsa ne. A aikin makaranta inda akwai wurin bayani ki rubuta duka biyun da sharaɗin kowanne, ya fi miki.

Maganar majalisa ma haka take. Wadda aka fara zaɓa Constance Markievicz ce a Disambar 1918, daga Dublin, lokacin duk Ayalan tana ƙarƙashin Birtaniya, kuma tana kurkukun Holloway aka zaɓe ta. Amma jam'iyyarta Sinn Féin ba ta shiga majalisar Landan, don haka ba ta taɓa zama a kujerar ba. Wadda ta fara shiga ta zauna Nancy Astor ce a 1919 daga Plymouth, ita kuma haifaffiyar Amurka ce. In an ce wadda aka fara zaɓa Markievicz, in an ce wadda ta fara zama Astor, in kuma tambayar ba ta bambance ba kuma suna ɗaya ne kawai a cikin zaɓin, ki ɗauki wanda kika gani ki wuce.

Sannan kar ki jingina komai ga Emmeline Pankhurst ita kaɗai. Ƙungiyar neman wa mata damar zaɓe da ta kafa a Manchester a 1903 ita ce mai fasa tagogi da yajin cin abinci a kurkuku, cikinsu ne Emily Davison ta shiga gaban dokin sarki a sukuwar Epsom a 1913 ta mutu, amma ƙungiyar Millicent Fawcett mai bin lalama ta fi yawan mutane nesa ba kusa ba. Masana har yau suna jayayya kan wace hanya ta fi tasiri, ni a ganina da babu ɗaya da ɗayar ba ta kai ba.

Wai mace ce ta raɗa wa Najeriya suna?

E, Flora Shaw, a jaridar The Times a Janairun 1897. Ba matar Lugga ba ce a lokacin, sai 1902 suka yi aure. Kuma don na sa ta a nan ba yabonta nake ba, cikakkiyar mai goyon bayan mulkin mallaka ce.

Thatcher mutuniyar kirki ce?

Firaminista mace ta farko, 1979 zuwa 1990. Kirki kuwa je ka tambayi iyalan masu haƙar kwal da suka yi yajin aikin 1984, sannan ka tambayi 'yan jam'iyyarta, amsa biyu za ka samu.

Yarinyata na son kimiyya, a kan wa za ta yi rubutu?

Madalla, ku ƙarfafa mata. Ta duba Rosalind Franklin, hoton da aka ɗauka a ɗakin bincikenta a 1952 ya taimaka wajen gano siffar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, ta rasu a 1958 tana da shekara 37, maza uku suka karɓi kyautar Nobel kan wannan binciken a 1962. Ko Dorothy Hodgkin da aka haifa a Alƙahira iyayenta suka yi aiki a Sudan, ita ta ci Nobel ɗin a 1964, ta gano tsarin penisilin da bitamin B12 daga baya kuma insulin. Kuma don Allah ku bar ta ta rubuta da kanta, kar ku kwafo mata daga intanet, malamai suna ganewa.