Waiwaye: Tramol a Maraɗi da maganin da ke maido da numfashi

Tramol bai shigo Maraɗi da sunan ƙwayar maye ba. Maganin kashe raɗaɗi ne, kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962, ya kai shi kasuwa a 1977. Likita kan rubuta shi ga mai karaya ko wanda aka yi wa aiki, ƙwaya mai miligiram 50, kuma ƙa'ida kada babban mutum ya wuce 400 a yini. Wanda ya cika tiren masu tallar magani a tasha da bakin kasuwa daban yake: 120, 200, 225, har 250 a ƙwaya guda. Wanda ya haɗiye biyu masu 225 da shayin safe ya riga ya tsallake iyakar yini tun rana ba ta ɗaga ba.

Mafi yawansa daga Indiya yake fitowa. Jirgin ruwa ya sauke a Kwatano ko Lome ko Legas, mota ta ɗauko zuwa arewa. Maraɗi kuwa a kan hanya take, daga Katsina a biyo Jibiya a shigo ta Ɗan Isa, kuma kayan da ya ratsa gari ba ya ficewa duka. Masu sha da yawa ba don nishaɗi suka soma ba. Ɗan kabu-kabu ne da ke son ya kai dare bai ji baya ba, ɗan dako ne, manomi ne a tsakiyar damina, mahaƙin zinariya ne a cikin rami. "Don ƙarfin aiki" suke cewa. Wanda ya haɗa su duka ya kira su ƴan iska bai zauna da su ba.

A ƙarshen 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗi cewa tramol ya zama barazana a Sahel. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna, dangin tramol da kodin, ba da umarnin likita ba. A watan Afrilun shekarar Indiya ta sa tramol ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi, a watan Mayu Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Ƴan kasuwar ba su yi barci ba. Sai ga wasu ƙwayoyi irin su Tafrodol, haɗin tapentadol, wanda ya fi tramol ƙarfi, da wani maganin sakin jijiya. Sai a farkon 2025, bayan wani binciken BBC, Indiya ta haramta wannan haɗin. A Nijar hukumar yaƙi da fataucin ƙwaya ta OCRTIS da duwan da jandarmomi sun sha kama katan-katan, a tara, a cinna wuta. Kamun ya zama dole, amma babu katan ɗin da aka ƙone da ya taɓa tayar da yaron da ya riga ya faɗi a fada, wato majalisar hirar samari, da ƙarfe biyun dare.

Akwai maganin da aka yi domin wannan yaron, sunansa nalokson. An yi masa rajista a Amurka a 1961, aka amince da amfani da shi a 1971. Su tramol da kodin da mofin da hodar heroyin suna kama wasu gurabe ne a ƙwaƙwalwa, idan sun yi yawa sai su danne wurin da ke tuna wa jiki ya ja numfashi. Nalokson na ture su daga guraben, cikin minti biyu zuwa uku numfashi ya dawo. Ba ya bugarwa, ba a sabo da shi, kuma idan aka yi wa wanda bai sha komai ba, ba ya yi masa komai. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Duk da haka shekara 25 ya yi a kulle cikin asibiti da motar ɗaukar marasa lafiya. A 1996 wani mai suna Dan Bigg a birnin Shikago, bayan ƙwaya ta kashe abokin aikinsa, ya fara raba shi kai tsaye ga masu shan, yana koya musu yadda ake yin allurar. Hujjarsa ba ta da wuya: wanda ke kusa lokacin da mutum ya faɗi ba likita ba ne, abokin shansa ne ko matarsa. Sukotland ta mai da wannan tsarin gwamnati a 2011. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a ba duk wanda zai iya tarar da irin wannan hali maganin, a kuma koya masa. A 2015 Amurka ta amince da wanda ake fesawa a hanci, a 2023 ta yarda a sayar da shi ba takardar likita, a lokacin da take binne sama da mutum 100,000 a shekara saboda ƙwaya.

Abin da ke faruwa a wajenmu kowa ya sani. Saurayi ya langaɓe a kan benci, yana wani irin munshari mai kama da kakari. Abokai su ce ta kai masa karo, a bar shi ya yi barci. Wani ya kwara masa ruwa, wani ya ɗura masa nono a baki, alhali wanda ba ya cikin hayyacinsa cikin huhu nonon yake tafiya. Idan jijjiga ta kama shi sai a ce aljanu ne, a danne shi, a cusa masa cokali. Babu mai son kai shi likita, don tsoron a tambayi abin da ya sha da wanda ya sayar masa. Alamun kuwa ba ɓoyayyu ba ne: an kira shi an girgiza bai motsa ba, numfashi ya yi nisa tsakani, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, leɓe da farce sun sake launi. Abin yi shi ne a kwantar da shi a gefe ɗaya, a buɗe masa hanyar iska, a hura masa numfashi idan nasa ya tsaya, kada a ba shi komai ta baki, a nufi likita ba jinkiri.

Dole a faɗi gaskiya a nan, don kada a ɗauko tsarin Amurka a dasa shi yadda yake. Tramol ba kamar heroyin ba ne. Ban da danne numfashi, yana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Nalokson na taimakon numfashin, ba ya tsayar da jijjigar. Wannan sai allurar likita. Ba ya kuma karya giya ko diyazefam ko maganin sakin jijiyar da ke cikin sababbin ƙwayoyin. Aikinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana nan a jini, mutum na iya sake faɗuwa. Saboda haka a ganina ilimin ne kan gaba a Maraɗi, maganin ya biyo baya, kuma ko an yi allurar sai an je likita.

Masu cewa ba a miƙa magani ga hannun wanda bai yi karatun likita ba, su tuna 2005. A yunwar shekarar, ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar dubban yara masu tamowa a jahar nan ta hanyar ba uwaye abincin nan na gyaɗa a leda su tafi da shi gida, aka bar gadon asibiti ga waɗanda suka fi galabaita. Uwayen ba su kasa ba. Masu cewa maganin zai ƙara wa masu sha ƙwarin gwiwa kuma ba su ga wanda aka farfaɗo da shi ba: da amai da zufa da ciwon gaɓoɓi yake tashi, ba wanda ke marmarin a sake yi masa.

Lokaci ma ba ya gefenmu. Kush, kayan mayen da ake zuƙa da ya sa Saliyo ta ayyana dokar ta-ɓaci a 2024, gwaji ya gano yana ɗauke da nitazin, dangin da ya ninka tramol ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a kansa nalokson ne makami na farko. Senegal ta buɗe cibiyar kula da masu shan ƙwaya a Dakar tun 2014. Mu abin da za a iya somawa da shi ba mai tsada ba ne: allurar ta kasance a kowace ƙaramar likita daga Madarumfa zuwa Dakoro, a koya wa shugabannin fada da ƙungiyoyin kabu-kabu alamun nan, a kuma tabbatar wanda ya kawo abokinsa likita ba zai kwana a hannun ƴan sanda ba. A fara da ƙofar gidan kaso, domin wanda ya yi watanni bai sha ba jikinsa ya saki sabon, adadin da ya saba haɗiya a da yanzu yana iya kashe shi a makon farko na fitowarsa.