Kafin ku sake turo min direban suwic in duba

Samarin da ke koyon aiki a wajena nan Ikeja, masu rubuta direba (kod ɗin da ke sarrafa cif) na suwic, wato cif ɗin da ke haɗa kofofin netwok a kan allo, waɗannan tambayoyin kun yi min su har bakina ya gaji, to ga su wuri ɗaya.

Me ya sa sai butloda (kod ɗin da ke fara tashi in an kunna allo) ya loda wa suwic famwaya (manhajar da ke gudana a cikin cif ɗin)?

Don wasu suwic ɗin ba sa riƙe komai in wuta ta ɗauke. Suwic ɗin Vitesse VSC7385 akwai ɗan firosesa 8051 a cikinsa, a allon Freescale irin MPC8313ERDB butlodan U-Boot ne ke zuba masa famwayar duk sanda aka kunna.

In cusa fayil ɗin famwayar cikin kod ɗin U-Boot kawai?

A'a. U-Boot lasisin GPL gare shi, mai tilasta a bar kod a buɗe, fayil ɗin kuma na kamfani ne. Ajiye shi a filash, ma'adanar allon da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke, direba ya ɗauko.

Oga ai yana aiki, don me ka dawo min da shi?

Yana aiki a kan teburinka. Ka sa kod yana jiran suwic ya amsa ba wa'adi, ranar da bai amsa ba allon zai sandare har abada. Ga get_timer nan mai ƙirga lokaci a U-Boot, yi amfani da shi ka sa wa'adi. Ba ka duba girman fayil ba, ba ka karanto abin da ka rubuta ka gwada ba, haba. Kuma kar ka ƙara turo min abin da bai bi ta checkpatch.pl, mai duba tsarin rubutun kod, ba.

To in lodin ya gaza, allon ya tsaya ko ya wuce?

Nan kam ya danganta, kuma ni kaina na sha canza ra'ayi. Galibi na fi son ya buga kuskuren ƙarara a siriyal (kofar da ake jona kebul a ga saƙonnin allo) ya wuce, in dai Linux zai iya tashi daga filash, domin akwatin da ke kan ƙarfen sabis a Ikorodu in ya tsaya cak wani ne zai kwashe rabin yini a goslo da kebul a jaka don kawai ya ga me ya faru. Amma fa in duk hanyar shiga akwatin ta suwic ɗin take, wucewar ba ta tsinana maka komai ba, gara ya sake yi wa suwic ɗin riset ya gwada sau biyu ko uku, in akwai kwafi na biyu a filash ya koma kan wannan kwafin, don ana ɗauke wuta tsakiyar sabuntawa kafin janareto ya kama fayil ya lalace, shi ya sa nake nacin CRC32, lissafin da ke gano ko fayil ya lalace. Sannan wasu suwic ɗin in an sake su daga riset ba saiti haɗe duk kofofin suke, layin waje ya cakuɗu da na cikin ofis, wannan ya fi tsayawar muni a wurina, in naka haka yake bar shi a riset. Karanta takardar cif ɗin tukuna. Kar ka ji tsoro, kowanne ka zaɓa zan karɓa in ka rubuta dalili a saman aikin.

Direban ya yi a firosesar PowerPC, ya ƙi a ta ARM?

Jerin bayit ne ya juye. Duba yadda kake rubuta rajista, wato wuraren saitin cif ɗin.